Yadda Mai Sana'ar Bayar da Lasisin Waƙa Zai Tsara Aikinsa Kuma Ya Jure Jira

A al'adar kiɗan ƙasar Zamfara da ta Kabi, makaɗi yakan yi wa ubangidansa waƙa a ba shi riga, ko doki, ko kujerar Makka, daga nan lissafin wannan waƙa ya ƙare, sai dai in an sake haɗuwa a wani taron. Sana'ar bayar da lasisi ta sha bamban da wannan. Waƙar tana nan a hannun mai ita, abin da yake sayarwa shi ne izinin a yi amfani da ita a wani fim, ko talla, ko shirin rediyo da talabijin, na wani lokaci da aka ƙayyade, a kan kuɗin da aka amince, kamar yadda mai shago a babbar kasuwar Gusau yake bayar da haya ba tare da ya rabu da shagonsa ba. Matasa da dama a Gusau da Birnin Kebbi da Ƙaura Namoda suna da baiwar da za ta kai su wannan kasuwa, wasu a matsayin mawaƙa, wasu kuma a matsayin wakilan mawaƙa masu karɓar la'ada. Abin da na ga yana kayar da su shi ne rashin tsari. Mai sayen lasisi kullum cikin sauri yake, kuma idan ya tambayi wane ne mai waƙar aka fara kame-kame, ba ya jira, sai ya ɗauki ta wani.

Abin da ya wajaba ka fara ganewa shi ne, a cikin kowace waƙa da aka ɗauka akwai haƙƙi iri biyu. Na farko haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai, wanda yake hannun wanda ya ƙirƙira. Na biyu haƙƙin sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi yake komawa ga wanda ya shirya ɗaukar ya kuma biya kuɗinta, sai dai in an rubuta wani abu daban. Mai fim da yake son sa waƙa a fim ɗinsa yana bukatar izini daga ɓangarorin biyu, kuma a al'adar kasuwar duniya sau da yawa akan raba kuɗin daidai a tsakaninsu. Saboda haka wanda ya iya cewa haƙƙoƙin biyu duk a hannunsa suke, ko kuma yana da takardar wakilcin masu su, ya riga ya sha gaban mafi yawan abokan takararsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi gaba ɗaya, ko bayar da izini ga mutum ɗaya shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce.

A nan ne aikin yake da nauyi a wurinmu, domin mun saba da amana ta baki, kuma muna jin kunyar fito da takarda a gaban aboki. Ka duba yadda ake ɗaukar waƙa a ƙaramin situdiyo a Tudun Wada ko Sabon Gari: mawaƙi ya zo da baitocinsa a rubuce cikin waya, mai haɗa kiɗa ya zauna gaban kwamfuta ya ƙirƙiro masa kiɗan, wani aboki da ya zo rakiya ya gyara amshi, wata yarinya ta rera shi, aka kira mai kalangu ya buga na minti biyu aka ba shi kuɗin mashin, janareta yana ta ƙara a waje, kowa yana sauri kafin mai ya ƙare. Mutum biyar ke nan suka sa hannu a waƙa ɗaya, kuma babu wanda ya furta ko kason wane nawa ne. Muddin waƙar ba ta kawo kuɗi ba, zaman lafiya ake yi. Ranar da kamfani ya nuna sha'awa, kowa zai tuna abin da ya yi, wani ma har da ƙari.

Maganin wannan takarda ce guda ɗaya, wadda za a cika a daren da aka yi ɗaukar, tun kowa yana cikin fara'a. A rubuta sunan waƙar, da ranar da aka ɗauke ta, da sunan situdiyon, da cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa tare da sunan da aka san shi da shi a waƙa, da abin da ya yi, da kasonsa cikin ɗari. Kason ya haɗu ya ba da 100 cif. Wanda aka sallama da kuɗi, kamar mai kalangu ko 'yar amshi, a rubuta adadin da aka ba shi, da amincewarsa cewa ana iya bayar da lasisin sautin ba tare da an sake neman sa ba, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ina ganin adalci ne a karanta wa wanda bai iya karatun boko ba abin da ke ciki da Hausa, a gaban shaidu biyu, domin takardar da aka samu ta hanyar rufe wa mutum ido ba ta da albarka, kuma tana iya rushewa a kotu. Idan abokin aikinka ya ce ai ba a haka tsakaninku, ka gaya masa cewa takardar tana kare kasonsa ne a ranar da ba ka nan, da kuma kason 'ya'yansa.

Akwai tarkon da ya fi kusa da mu mutanen wannan yanki, wato ɗauko waƙoƙin magabata. Yaro yakan yanko muryar tsohon makaɗin fada ko kiɗan kotsonsa ya ɗora a sabon kiɗa, yana ganin ai kayan gado ne na kowa. Doka tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya rasu a 1991, saboda haka haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magadansa har zuwa 2061. Wanda yake son amfani da irin wannan sai ya je gidan, ya gaisa da manya, ya nemi izini a rubuce. Idan bai samu ba, kada ya sa waƙar cikin waɗanda yake tallatawa, domin galibin yarjejeniyoyin lasisi suna ɗauke da sharaɗin cewa kai ne za ka ɗauki alhakin duk ƙarar da ta biyo baya.

Bayan takardun situdiyo sai rajista. Haƙƙi yana tabbata ne tun lokacin da aka rubuta waƙa ko aka ɗauke ta, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da shafin rajista a intanet, kuma shaidar da take bayarwa tana da amfani idan gardama ta taso. Kuɗin da ake tarawa daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal kuwa ta hannun ƙungiyar tattara haƙƙi yake bi, kamar MCSN wadda hukumar ta amince da ita a 2017, kuma yana da kyau ka tabbatar daga hukumar cewa izinin ƙungiya yana aiki kafin ka miƙa mata waƙoƙinka. Kowane sauti da aka ɗauka yana bukatar lambar ISRC, wato lambar shaida da ke bambanta shi da kowane sauti a duniya, mai haruffa da alƙaluma 12, wadda kamfanonin rarraba waƙa irin su TuneCore da DistroKid suke bayarwa yayin da suke ɗora waƙa a Spotify ko Boomplay ko Audiomack. Ka kwafe wannan lamba a littafinka a ranar da ka same ta. Ka kuma tsayar da rubutun sunanka a kan siga ɗaya, domin wanda yake Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, a idon na'ura mutum uku ne, kuma kuɗinsa yakan maƙale a tsakani.

Kowace waƙa ta samu jakarta a kwamfuta. A ciki a ajiye cikakkiyar waƙar a tsarin WAV, wato fayil mai cikakken ingancin sauti, wanda masu fim suka fi so a kan ma'aunin ɗauka na 48 kHz, da ƙaramin MP3 na aikawa don saurare, da kiɗan zalla babu murya, da gajerun yanka na daƙiƙa 30 da 60 don talla, da kowane kayan kiɗa a ware, da hoton takardar kaso, da baitocin a rubuce tare da fassararsu ta Turanci. Kiɗan zalla ya fi komai saurin samun mai saye, domin ana iya ɗora magana a kansa. Mai shirya fim a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, zai fi bukatar kalangu da gurmi masu tsabtar sauti fiye da waƙar da aka cika da kirarin wani mutum. Ka karɓi waɗannan fayiloli daga mai situdiyo tun ranar da ka biya shi, domin kwamfutocin situdiyo suna lalacewa, ana kuma share su idan wuri ya cika. Ka ajiye kwafi ɗaya a intanet, ɗaya a na'urar ajiya a gida. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni, kuma wannan ya isa ya nuna dalilin ajiya biyu, da dalilin samun amintaccen mutum a wani gari wanda zai iya amsa saƙo a madadinka.

Naci a wannan sana'a yana da ladabinsa, kuma littafi ne yake riƙe shi. Ka samu babban littafi mai layi, ko jadawali a waya, ka ware wa kowane mutum da ka tuntuɓa layi guda: sunansa, da inda yake aiki, da irin abin da yake shiryawa, da waƙar da ka aika masa, da ranar aikawa, da abin da ya ce, da ranar da za ka sake tuntuɓarsa. Saƙon farko ya zama gajere. Ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, ka nuna ka kalli aikinsa, ka ba shi mahaɗin waƙa biyu ko uku da suka dace da aikin, ka bayyana cewa haƙƙoƙin duka a hannunka suke. Kada ka tura masa waƙa ashirin ta WhatsApp da tsakar dare. Idan shiru ya biyo baya, ka bar mako biyu ko uku su wuce kafin ka tuna masa, kuma idan ka tuna sau biyu babu amsa, ka dakata har sai kana da sabon abin nunawa. Shiru a wannan kasuwa ba ƙi ba ne a kullum. Darakta a Kano yana iya ajiye waƙarka wata shida, sai ranar da ake tace fim ya tuna da ita ya ce yana so kafin gobe. Idan kuma an ce maka a'a, ka yi godiya, ka tambayi irin sautin da suke nema, ka rubuta amsar a littafin, domin bayan shekara guda waɗannan amsoshi ne za su nuna maka abin da ya kamata ka ɗauka a situdiyo.

Idan an kai ga yarjejeniya, ka nemi amsar waɗannan a rubuce: a wane aiki za a sa waƙar, a waɗanne kafofi, a waɗanne ƙasashe, na tsawon wane lokaci, shi kaɗai aka ba izinin ko kana iya ba wani, nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a biya. Duk inda ka ga kalmar da ke nufin har abada ko miƙa haƙƙi gaba ɗaya, ka tsaya ka kai wa lauya, ko da kuɗin ganinsa ya yi maka nauyi. Ka kuma roƙi mai fim ya sa sunanka da tsawon abin da aka yi amfani da shi a takardar jerin kiɗan fim ɗin, domin da ita ake lissafa kuɗin da zai biyo bayan nunawa a talabijin. Waƙar siyasa kuwa, a shawarata, ka karɓi kuɗinta kafin ka miƙa, ka kuma ƙayyade ta ga kakar zaɓe ɗaya, kada ka bari kiɗan da za ka iya sayar wa kamfani ya zama tambarin wata jam'iyya.

Kuɗin wannan sana'a yana da jinkiri. Na lasisi yakan zo bayan sa hannu, amma na nunawa da sauraro yana iya ɗaukar watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Kamfanonin Amurka za su nemi ka cika takardar haraji mai suna W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, akan cire kashi 30 cikin 100 na abin da aka samu daga can. Ka sa wannan a lissafi tun farko. Kada ka bar koyarwarka, ko shagonka, ko gonarka saboda lasisi ɗaya ya faɗo, domin wanda yunwa ta matsa wa shi ne yake sayar da haƙƙinsa a wulaƙance.

Ka ware rana ɗaya a mako, ko da safiyar Asabar ce, wadda ba ta ɗaukar waƙa ba ce, ta littafi ce kawai. A ranar za ka aika sababbin saƙonni, ka tuna wa waɗanda lokacinsu ya yi, ka bi bashin da bai shigo ba, ka duba ko an ɗora waƙarka a wani wuri ba da izini ba. A shafin ƙarshe na littafin ka jera ranakun da kowane lasisi zai ƙare, kuma wata guda kafin ranar ka rubuta wa mai lasisin ka tambaye shi ko zai sabunta. Idan ya ce zai sabunta, sai a sake ciniki a kan sabon farashi. Idan ya ce ya gama, ka nemi ya tabbatar maka a rubuce, sannan ka mayar da waƙar cikin jerin waɗanda kake tallatawa.