Akushin katako: a yanka zobba a haɗa, ko a juya gungume a inji

A shagona da ke Agege hanya biyu nake bi wajen yin akushi, kuma kafin in taɓa katako sai na tambayi mai saye abin da zai zuba a ciki. Idan goro ne ko dabino ko kilishi, yankan zobe ya isa. Idan tuwo ne da miya mai zafi, gungume nake juyawa a inji, wato injin da yake juya itace ana sassaƙa shi.

Yankan zobe ya fi arha nesa ba kusa ba, domin falanki ɗaya mai kaurin inci 1 zai ba ka akushi mai tsayin inci 4. Dabarar ita ce a yanka zobba daga falankin, wani cikin wani, amma a karkace, sama ya fi ƙasa faɗi. Sai a ɗora babba kan ƙarami, faifan da ya rage a tsakiya ya zama gindi. Akwai injin da aka ƙera don wannan aikin, Ring Master, wanda yake juya falankin wuƙaƙe biyu na shiga ta gaba da ta baya har su haɗu. Ba kowa ke da shi a Legas ba. Zarton inji mai siririn baki, wanda teburinsa yake karkatawa, yana yin aikin.

Ka samo busasshen falanki a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin, a goge maka fuska biyun su yi sumul, kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Maɗaci nake so, ko katakon tik (teak). Iroko yana da kyau, sai dai ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, don haka ka rufe hanci. Zana da'irori da kamfas daga tsakiya ɗaya: a falanki mai faɗin inci 10, da'ira huɗu za su ba ka zobe uku da gindi.

Karkatar zarton ita ce ran aikin, a nan ne yawancin yara suke ɓata katako. Dole nisan da zarto zai zame daga saman falanki zuwa ƙasansa ya zo daidai da faɗin zoben. Idan kaurin falanki inci 1 ne, faɗin zobe ma inci 1, ka karkata digiri 45, akushin zai fito a buɗe. Idan ka rage faɗin zoben zuwa rabin inci, digiri 27 kake nema, jikin zai miƙe kuma ya fi siranta. Bakin zarto yana cin ɗan katako a kowane yanka, saboda haka ka gwada a kan guntun da ba ka so, ka ɗora zobe biyu ka shafa da yatsa. In ka ji tudu, gyara kusurwar kafin ka taɓa falankin kirki. Ƙaramar hudar da za ka yi a kan kowace da'ira ta ciki don zura bakin zarto, ita ma a karkace za ka yi ta, kuma kada hudojin su jeru a gefe ɗaya.

Wajen haɗawa, ka jera zobban yadda layin katakon ya bi hanya ɗaya, domin katako yana kumbura ta faɗi ne, ba ta tsawo ba. Shafa gam mai jure ruwa, ka danne da nauyi ya kwana. Ni zobban kaɗai nake fara haɗawa, in goge cikinsu da samfefa tun hannu yana shiga ta ƙasa, sannan in manna gindin. Wanda ya yanka da Ring Master zai tarar da ramin ƙusa a tsakiyar gindi, sai ya toshe shi da guntun katako.

Juyawa a inji kuwa gungume mai kauri take bukata, kuma mafi yawansa ɓarɓashi zai koma. Ka tsaga gungumen gida biyu ka cire ɓargon tsakiya, don daga nan tsagewa take farawa. Ɗaure shi da kyau, fara da baya, sannan ka ƙwaƙule ciki. Akushin inci 10 kada ya wuce juyi 900 a minti, kuma da ƙasa da haka ake farawa tun yana da kusurwoyi. Sa kariyar fuska. Idan itacen ɗanye ne, bar kaurin jikin ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, ka ajiye a inuwa wasu watanni, in ya bushe ya karkace sai ka mayar da shi inji ka daidaita. Masassaƙanmu na Arewa da gatari da gizago suke wannan aikin, amma tunanin ɗaya ne: itace guda, babu mahaɗi.

Shi ya sa ba na sayar wa kowa akushin zobe don tuwo, ko da ya roƙa. Zafi da wanki kullum suna bin layin gam har ya buɗe, miya ta shiga inda soso ba ya kaiwa.

Ɗan'uwa, ka kula da laimar Legas. Katakon da muke kira busasshe a nan, in aka kai shi Kano lokacin hunturu sai ya ƙara tsukewa, wani har ya tsage. Duk akushin da zai tafi Arewa nakan bar katakonsa ya daɗe a wuri mai iska, in kuma shafe shi ciki da baya da kakin zuma. Man gyaɗa yana yin wari in ya jima a katako, fenti da fanis kuma ba na kai su inda abinci zai taɓa.