Yadda ake rataya gadon lilo da bel ɗin ɗaure kaya

Duk wanda na gani ya fara rataya gadon lilo, wato gadon yadi da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi biyu, da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen murzawa, wuri guda yake faɗuwa. Hannun ƙarfen nan mai ƙaras-ƙaras yana da daɗin murzawa, sai mutum ya yi ta ja har gadon ya miƙe sambal kamar tsirkiyar baka. Ni ma haka na fara. A kwanan dajina na farko da shi, ban yi minti goma a ciki ba na ji ɗinkin bakin gadon ya ɓarke, sai ga ni a ƙasa, ƙugu a kan saiwa. Bel ɗin ko gezau bai yi ba, gadon ne ya ji a jikinsa.

Bel ɗin da za ka ɗauka

Kana bukatar guda biyu, kowanne faɗinsa ya kai santimita 2.5, tsawonsa mita 4 ko fiye. Ka nemi na foliyesta. Na nailan yana miƙewa, musamman in ya sha raɓa, za ka kwanta a sama ka wayi gari bayanka na shafar ciyawa. A bel ɗin da aka yi bisa ƙa'idar Turai, shuɗin ƙyallen da aka ɗinka a jiki shi ne alamar foliyesta.

Kada babban adadin da aka buga a kwali ya ruɗe ka, galibi wannan nauyin da bel ɗin zai tsinke ne. Wanda ya shafe ka yana kan ɗan ƙyallen nan, an rubuta WLL ko LC a gefensa, wato nauyin da aka yarda ya ɗauka a bakin aiki. A na Amurka yawanci kashi ɗaya bisa uku ne na nauyin tsinkewa. In da daN aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfin ja, ka ɗauki kowane ɗaya kamar kilo ɗaya, in kuma adadi biyu ka gani ka riƙe ƙaramin. Ni dai ba na ɗaukar wanda bai ninka nauyina sau uku ba. Wanda babu rubutu a jikinsa, ka bar shi ga buhuna komai arharsa. Haka ma ɗan siririn nan mai maɗauri da haƙora da ake dannawa da babban yatsa: yana zamewa a hankali, ba ka sani ba sai ka kai ƙasa.

Masu yin bel ɗin don kaya suka yi shi, ba don ɗaukar mutum ba. Saboda haka kada ka rataya gado a tsayin da ba ka yarda ka faɗo daga kansa ba.

Ƙugiyoyin bakinsa ma ba na yarda da su. Bakinsu a buɗe yake, da zarar ka tashi nauyi ya ragu sai su suɓuce. Sa zarton ƙarfe ka yanke su, amma ka bar kunnen bel ɗin da aka ɗinke yadda yake, kada ka taɓa zaren. A kunnen guntun ɓangaren, mai ɗauke da ƙarfen murzawa, sai ka sa ƙugiya mai rufaffen baki irin ta masu hawan dutse, wadda aka buga mata kN 20 ko fiye, wato ƙarfin jan da take jurewa. Irin wadda ake rataya makulli da ita ba ta cikin lissafi.

Bishiya da ɗauri

Bishiyoyi biyu rayayyu, kaurin kowacce ya kai santimita 15 a ƙalla, tsakaninsu mita 4 zuwa 4.5 idan gadonka mai mita 3 ne. Ɗaga kai ka duba sama tukuna, busasshen reshe ba ya sallama kafin ya faɗo.

Ɗauki dogon ɓangaren, ka zagaya bishiya da shi daidai tsayin kanka, kimanin mita 1.8. Zura jelar ta cikin kunnen da ka cire wa ƙugiya, ka ja ya kama. Bel ɗin ya kwanta a jikin bishiya da faɗinsa, ba a murɗe ba. In ɓawon mai santsi ne, zagaya sau biyu. Faɗin nan shi ne duk fifikon bel a kan igiya: ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn sashe mai rai da bishiya ke girma da shi kuma abincinta ke bi ta kusa da shi, siririyar igiya tana yanka shi. Shi ya sa ƙarfen murzawar ma ba a jikin bishiya yake zama ba, a sarari yake rataye tsakanin bishiya da gado.

Inda ake ɓata aikin

Maƙala ƙugiyar a bakin gado. Zura jelar dogon bel ta tsagar sandar da ke juyawa a tsakiyar ƙarfen, ka jawo ta da hannu har gadon ya tashi daga ƙasa yana lanƙwashe kamar jinjirin wata. Da hannu ake daidaita tsawo. Sai a murza ƙarfen kawai don bel ya naɗe sandar sau biyu ko uku ya riƙe kansa. Daga nan ka tsaya, ka kwantar da hannun ƙarfen har ya kulle. In ka bar sako-sako da yawa kana son murzawa ta cinye shi, bel zai taru ya cushe a sandar, gobe da safe ka yi ta fama da shi.

Abin da ake nema shi ne bel ya sauko daga bishiya da karkatar digiri 30 daga layin kwance idan kana cikin gadon. Dalilin lissafi ne tsagwaronsa. A digiri 30, kowane ɓangare yana jan daidai nauyinka: mai kilo 80, kilo 80 hagu, kilo 80 dama. Rage karkatar zuwa digiri 15, jan ya kai wajen kilo 155 kowane gefe. A digiri 10 ya kai 230. A digiri 5, wato yadda sabon shiga ke so ya ga gadonsa a miƙe, ya doshi kilo 460, kuma wannan kafin ka faɗa ciki da ƙarfi ko ka juya. Bel mai kyau zai iya jurewa. Ɗinkin gado, ɓawon bishiya, ko ginshiƙin rumfa in a can ka ɗaura, su ne ba za su jure ba. Ƙarfen murzawa kuwa an ƙera shi ne don ya ninka ƙarfin hannu, shi ya sa ba ka jin irin jan da kake yi.

Ba sai ka nemi ma'auni ba. Miƙe manuniya a kwance, ka ɗaga babban yatsa sama kamar yaro na wasan bindiga. Layin da ya tashi daga kan babban yatsa zuwa kan manuniya ya yi kusa da digiri 30. Kara hannun kusa da bel ɗin ka gwada.

Yanzu zauna a hankali, ƙafafu a ƙasa. Gefen gadon ya tsaya kamar tsayin kujera, wajen santimita 45. In ya yi ƙasa da yawa, hannunka zai so ya koma kan ƙarfen. Hana shi. Sauka ka ɗaga ɗaurin da ke jikin bishiya sama. In bishiyoyin sun yi nisa har hannunka bai kai inda ya kamata ɗaurin ya zauna ba, ka sake bishiya, ya fi sauƙi a kan ɗinkin gado. Ɓangaren ƙafa kuma ya ɗara na kai tsayi da kamar taƙi ɗaya, in ba haka ba za ka kwana kana zamewa.

Sauran ba wuya. Kwanta a ɗan karkace, kai gefe guda ƙafafu ɗaya gefen, sai bayanka ya miƙe. Naɗe ragowar jelar ka ɗaure kada iska ta kwana tana kaɗa ta. In da alamar hadari, ƙulla igiyar takalmi a jikin bel daf da gado ka bar bakinta na reto, ruwan da ya biyo bel zai ɗiga ta nan.

Wajen kwancewa, a fitar da kowa da komai daga gadon tukuna, domin ƙarfen yana sakin bel gaba ɗaya ne lokaci guda. Ja ɗan harshen da ke cikin hannun, ka buɗe shi ya kwanta shimfiɗe, yatsunka nesa da haƙoran. Kafin ka naɗe, bi bel ɗin da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Wanda gefensa ya fara tsattsagewa, ko rana ta ci launinsa ya yi tauri, ya gama aikin ɗaukar mutum.