Sabon zuwa Ingila, kafin ka sayi mota zauna mu yi magana

Juma'ar da ta wuce bayan an idar da salla ina tsaye a bakin masallaci sai ga wani yaro ɗan Kumo, watansa uku kacal da sauka Bamingam, ya kamo hannuna wai Yaya zo ka sa albarka. Na bi shi, sai ga Marsandi baƙa, tsohuwar yayi, mai dizal, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Na ce Allah Ya sa alheri Ya tsare. Sannan na tambaye shi nawa suka yanka maka inshora? Ya ce ai wani ne a WhatsApp ya haɗa masa a rabin kuɗi. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, don ni ma ta wannan ƙofar na shiga, kuma har yau ban gama biyan kuɗin wautata ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sauka daga Gombe ko Bauchi a tura masa, na gaji da maimaitawa a bakin masallaci.

Na san abin da ke ranka ƙanina, don tare muka taso. A gida mota ita ce take gabatar da mutum kafin ya buɗe baki. Ka tsaya a wajen ɗaurin aure a Jekadafari ko Tudun Wada ka kalli layin motoci, ba sai an faɗa maka ba: mai 406 tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai Hilux ko ɗan kwangila ko Alhajin hatsi, Prado mai baƙin gilashi ɗan siyasa ne ko yaronsa, matashin da ya fara jin ƙamshin kuɗi kuma Honda ce ko Camry, Golf da Sharon kuwa na tasha ne, a loda mutane a nufi Dukku ko Azare. Ka zo nan ka buɗe Facebook ka ga irin motar da a gida sai wane da wane ana neman kai da ita a kuɗin da bai kai albashinka na wata ɗaya ba, dole zuciya ta raya maka hoto ɗaya a jingine da ita ka tura gida a san ka iso.

To nan lissafin a juye yake. Na san babban likita da ke zuwa aiki a ƙaramar Yaris, kuma ba wanda ya taɓa kallonsa sau biyu. Sababbin motocin da kake gani suna sheƙi a titi da yawansu na bashi ne, ana biya wata-wata, da iyakar mil ɗin da za ka yi a shekara, a ƙarshe ko ka biya dunƙulallen kuɗi ko ka mayar musu da kayarsu. Kuma da wuya ka ɓoye shekarun mota, yawanci lambarta ce ke tona ta: lambobi biyun nan na tsakiya, 15 na nufin an yi mata rajista tsakanin Maris da Agustan 2015, 65 kuma daga Satumban 2015 zuwa Fabrairun 2016. Mu da muka daɗe, idan muka ga ɗan uwa a babbar motar Jamus mai shekara goma sha biyar, abin da take faɗa mana ɗaya ne, wannan sabon zuwa ne bai riga ya ga takardar tara ta farko ba. Arharta ba alheri ba ce. Masu ita sun gudu ne daga tsadar inshora da kayan gyara da harajin hayaƙi. A nan Bamingam tun Yunin 2021 motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba fam 8 take biya duk ranar da ta shiga tsakiyar gari, a Landan fam 12.50 ne kuma tun Agustan 2023 ya game duk unguwannin birnin. Mai fetur yawanci daga 2006 zuwa sama ta tsira, mai dizal kuwa sai wajen ƙarshen 2015 zuwa sama. Ba shinge ba ɗan sanda, kyamara ce kawai, sai wasiƙa ta same ka a gida. Kada ma ka ce in ta dame ka ka tura ta gida, sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka bar wannan tsarin.

Tuƙi a hannun hagu kada ya dame ka, sati ɗaya ka saba. Ka dai tuna allon gudu da mil yake ba kilomita ba, 70 na babbar hanya wajen 112 ne a namu lissafin.

Inshora ita ce maganar. A gida mun saba takarda ce ta motar, a sabunta tare da sauran takardu a jefa a aljihun gaba saboda masu tsayar da mutane a hanya, kuma kowa a gidan ya ɗauki makulli ya fita, ƙani da ɗan ɗaki da maƙwabci. Nan kai ake yi wa inshora a kan wannan motar, da sunanka da shekarunka da unguwarka da aikinka. Abokinka ya ara maka motarsa ka je kantin Asda ka dawo, in ba sunanka a ciki to tuƙi ba inshora ka yi, kuma shi ma da ya ba ka ya yi laifi. Mu sababbi kuma suna tsawwala mana saboda ba mu da tarihin tuƙi a ƙasar, ni farashin farko da na gani ya fi kuɗin motar kanta, na ɗauka kwamfutar ce ta rikice.

A wannan halin ne aka haɗa ni da wani a waya, Hausa yake ji rangaɗau, yana ce min ɗan uwa, yana ce min mu da mu ai ba cuta. Na tura masa kuɗi ya turo min takarda mai tambari da komai, na buga ta na ajiye a mota ina jin daɗi na fi Turawa wayo. Wata biyu ina yawo. Wata safiya ina dawowa daga aikin dare, ido duk barci, sai fitila shuɗiya a bayana. Ɗan sandan bai ɗaga murya ba, bai nemi na goro ba, ya ce kyamarar motarsu ta karanta lambata ta nuna ba inshora. Na miƙa masa takardata da ƙwarin gwiwa, ya yi waya a gabana, ashe mutumin ya sayi inshorar gaske da sunana amma da adireshin wani ƙauye da shekarun da ba nawa ba, ya turo min takardar, sannan ya soke ta ya karɓe kuɗin. A nan bakin titi aka ɗora motar a kan babbar mota aka tafi da ita, na tsaya da ledar abincina da dardumar salla a hannu ina neman tashar bas, ana yayyafi. Tara fam 300 da maki 6 na laifin tuƙi da ake rubutawa a sunanka. Kuɗin ja fam 150 a lokacin, da fam 20 na kowace kwana a inda suka ajiye ta, yanzu ma an ƙara, kuma ba za su sake ta ba sai ka kawo inshora ta gaskiya wadda ta yarda da motar da aka kama, ita ma da nata farashin. Lambar mutumin kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba. Abin da ya fi ciwo shi ne duk shekara in na zo sabuntawa sai sun tambaya ko an taɓa kama ka cikin shekara biyar, in ce e, farashi ya haura. Ban faɗa wa mutanen gida ba sai da aka shekara, Hajiya tana ta tambaya ina motar nan ta hoto.

Saboda haka ka saya da hannunka, a shafin kamfanin ko shafukan kwatanta farashi, ka biya da katinka. Bayan 'yan kwanaki ka sa lambar motarka a shafin askMID mai nuna ko mota tana da inshora, kyauta ne, ka ga ko ta fito. Kada ka yi ƙarya ko ɗaya, ko ta adireshi ko ta cewa yayanka ne babban direba alhali kai ne, zamba ce a wajensu kuma ranar da aka yi haɗari ranar za su tono. Masu aikin kula da tsofaffi da ke bi gida-gida, sai inshorarku ta haɗa da amfani don aiki. Masu kai abinci kuma tasu daban ce gaba ɗaya, ta yau da kullum ba ta ɗauka, na ga yara biyu 'yan Bauchi da suka gane haka bayan aikin gama ya gama.

Sai lasisi. Na Najeriya wata 12 yake maka daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, ba daga ranar da ka sayi mota ba, kuma zuwa hutu gida ka dawo ba ya sake lissafin, lasisin ƙasa da ƙasa ma ba ya ƙara ko kwana ɗaya. Namu ba ya cikin waɗanda ake musanyawa, sai ka yi jarrabawa kamar ɗan shekara 17. Ka nemi na koyo tun watan farko, fam 34 ne ta intanet. Jarrabawar kwamfuta fam 23, tambaya 50 sai ka ci 43, da ɓangaren hango haɗari sai 44 cikin 75. Ta tuƙi fam 62 a ranakun aiki, amma samun rana shi ne aiki, watanni ake jira, wanda ya bari sai wata na goma to zai ajiye motarsa yana kallonta ta taga. Kuma dan Allah ka sauke girman kai ka biya malamin tuƙi ko na 'yan darussa ne. Ni da na yi shekara goma sha ina bin hanyar Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri cikin dare da ramuka da tireloli, wata mata ta kayar da ni a karon farko saboda ban duba madubi ba kafin in fita daga shataletale. In ka ci da mai canza giya da kanta, ita kaɗai aka yarda ka tuƙa. Kuma cikin shekara biyun farko maki 6 suka taru an soke lasisin, riƙe waya kaɗai kana tuƙi maki 6 ne da fam 200.

Wajen saye, kada ka je kai kaɗai kuma kada ka je da dare. A nan dai ina alfahari da mutanenmu, ban taɓa ganin an ce wane zai duba mota an rasa wanda zai bar barcinsa ya raka shi ba, akwai wani dattijo ɗan Misau da ya yi aikin gareji tun a gida, kwanciya yake a ƙasa cikin sanyi ya leƙa ƙarƙashin motar yaron da bai ma san sunan babansa ba, ko kuɗin shayi ba ya karɓa. Amma sai kun saya kun gama sannan ku kira shi, haba. Da lambar motar kaɗai za ka ga tarihin MOT ɗinta kyauta a shafin gwamnati, wato gwajin lafiyar da ake yi wa duk motar da ta kai shekara 3 sau ɗaya a shekara, za ka ga mil ɗinta na kowace shekara da abin da aka yi ta gargaɗi a kai. Ka biya 'yan fam a bincika ko akwai bashi a kanta ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan haɗari. Ka ga takardar rajistar motar, wato V5C, da idonka ka karɓi koren yankin sabon mai ita. Harajin hanya ba ya bin mota tun 2014, kai za ka biya naka kafin ka motsa ta.

Kula da ita kuma sai ka zubar da rabin abin da bakanikenka na gida ya koya maka. Ba a ɗura ruwan famfo a lagireto, daskarewa zai yi cikin hunturu ya fasa maka inji, akwai ruwansa na musamman, haka ma na wanke gilashi. Abin nan mai daidaita zafin inji da ake cirewa a gida a yar wai yana sa mota zafi, nan in babu shi hita ba za ta yi ɗumi ba, za ka tuƙa kana karkarwa. Gilashi ya yi ƙanƙara da safe kada ka kwara masa ruwan zafi daga buta, tsagewa yake, ka sayi abin kankarewa. Gishirin da suke watsawa a titi yana cin ƙarƙashin mota, ka riƙa wanke ƙasan ba saman kaɗai ba. Taya kuma ba a jira sai waya ta leƙo, zanen ya gaza milimita 1.6 tara tana iya kaiwa fam 2,500 da maki 3 a kan kowace ɗaya, ka tura kwabon 20p cikin zanen, in kana ganin bakin kwabon to lokaci ya yi. Juyen baƙin mai ka yi a kan kari ka ajiye rasit, don gareji a nan da awa suke caji, ba a cewa Oga taimaka a ɗan lallaɓa. Mai dizal kuma in iyakarka gida da wajen aiki da masallaci, matatar hayaƙinta toshewa take don tana son doguwar tafiya, tawa haka ta yi bayan na karɓo ta, na sayar wa masu kayan gwangwan.

Yanzu Honda Jazz nake ja, mai fetur, ruwan toka, madubin hagu da ɗan salatif. Yaron Kumo da ya gan ta dariya ya yi wai Yaya wannan ai ta tsofaffin mata ce. Na ce e, kawo lambar taka. Muka sa a waya nan take a bakin masallacin, ba ta fito ba. A nan muka bar ta, na kai shi gida a ta tsofaffin matan, washegari muka zauna muka nemo masa inshora ta gaskiya, yanzu yana neman mai sayen Marsandin.