Yadda za ka kai iyalinka su ga teku a Legas cikin kwana biyu

Hajiyarmu ta haura shekara sittin ba ta taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ta sani shi ne dam ɗin Tiga. Da Allah ya hore mini, sai na kwashe ta da uwargida da yaranmu uku muka yi Legas, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. Na yi zaman Agege shekaru ina kasuwanci kafin in dawo Kano, saboda haka garin ba baƙona ba ne, amma tafiya da dattijuwa da ƙananan yara tsarinta daban. Ga abin da zan gaya wa duk mai niyya.

Ka tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A Yuni da Yuli ruwan sama yana iya yini yana zuba, tituna su cika, ku ƙare a ɗaki. Ƙarshen Disamba ma ka kauce masa, lokacin ne mazauna ƙasashen waje ke dawowa gida, kuɗin otal ya yi sama. Kuma ko da hunturu kuka baro, a can zufa za ku tarar, a ɗauki kaya marasa nauyi.

Masauki shi ne rabin tafiyar. 'Yan'uwa na Agege ko Idi-Araba za su nace ku sauka wurinsu, ƙin amsawa kuma da nauyi. Sai dai duk abin da kuka zo gani yana ɓangaren tsibiri, kuma Gada ta Uku (Third Mainland Bridge) da ta haɗa tsibirin da sauran gari, ita kaɗai kilomita 11.8 ce, idan gosulo ya riƙe ku a kanta da yara a mota, ranar ta tafi. Abin da na yi shi ne, tunda Agege kusa take da filin jirgi na Ikeja, muna sauka muka fara zuwa gaisuwa, aka ci tuwo, aka yi zumunci, bayan isha'i muka ƙetare zuwa ɗakuna biyu da na kama a wajen Ikoyi. An haramta acaɓa a unguwannin tsibiri, ko da ma ba abin hawan iyali ba ne. Ka yi ciniki da direba guda na yini biyu, ko ka riƙa kiran mota ta Bolt ko Uber. Kada ka sa wa rana ɗaya fiye da abu biyu ko uku, kuma su kasance a gefe ɗaya na gari.

Asabar ka ba wa tsohon gari. Fara da gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ka kira tun ranar Alhamis ka tabbatar da lokacin buɗewa. Akwai sassaƙen Nok na yumɓu da tagullar Bini, amma mu abin da ya kai mu shi ne baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Hajiya tana budurwa aka kawo gawarsa Kano, ta tuna yadda gari ya yi tsit a ranar. Ta tsaya gaban motar ta daɗe tana addu'a, sannan ta juya ta ba jikokinta labarin da ni kaina ban taɓa ji daga bakinta ba. Idan akwai babba a tafiyarku, kada ka gaggauta shi a wannan ɗakin. A tambayi ma'aikata kafin a ɗaga waya don hoto.

Daga nan da ƙafa ma ana isa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Minti ashirin ya isa. Azahar da la'asar muka yi a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, tsakiyar kasuwa. Wurin akwai turmutsutsu, a riƙe hannun yara, waya ta shiga aljihun gaba. Idan da sauran ƙarfi, a hau jirgin ƙasa mai lantarki daga Marina zuwa Mile 2 a dawo. A 2023 ya fara aiki, da katin Cowry na biyan kuɗin sufuri ake shiga, kuma yana bi ta saman ruwa, abin da ya fi burge yaranmu ke nan a duk yinin. Da dare a nufi Obalende, tsire da balangu na hannun mutanenmu ne, da Hausa za ka yi ciniki.

Lahadi ku fita bayan asuba kaɗan, lokacin hanyar Lekki a buɗe take. Gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990, fili ne mai hekta 78 na fadama da manyan itatuwa, ana bi ta kan gadar katako. Birai suna zuwa har gabanka, kuma suna fizge abin da suka gani a hannu, don haka biskit da ayaba su zauna cikin jaka. Akwai gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, tana lilo, ba a barin ƙananan yara su hau. Ni da babban ɗanmu muka hau, Hajiya da uwargida suka zauna da ƙananan suna kallon ɗawisu da wani tsohon kunkuru. A sa takalmi mai rufi, silifa ba ta yi.

Sai teku, da la'asar, bayan rana ta yi sanyi. Tsohon Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi, an cike wurin ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Yawancin bakin tekun Lekki yanzu ana biyan kuɗin shiga, wasu kuma da yamma kiɗa da shaye-shaye suke komawa, saboda haka ka tambayi direbanka wanda iyalai ke zuwa, ku bar wurin kafin magariba. Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya, amma sai da jirgin ruwa ake zuwa. In can kuka zaɓa, kowa ya sa rigar da ke hana nitsewa, har jariri, in babu daidai da yaro a fasa shiga.

Abin da nake roƙon kowane uba ya ji shi ne, tekun Legas ba kududdufi ba ne, ba kuma kogi ba. Igiyar ruwa idan ta zo ta koma, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, tana jan mutum ciki, har wanda ya iya iyo a rafin garinsu. Dokar da na kafa tun a mota ita ce ruwa ba ya wuce idon sawu, kowane yaro hannunsa na cikin na babba, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. A zo da tabarma, da kayan canji, da gorar ruwan daɗi ta alwala da ɗauraye ƙafa, don gishirin yana sa ƙaiƙayi.

Hajiya da fari ta ƙi matsawa, tana zaune a tabarma tana ta tasbihi. Sai autarmu ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, taho ki taɓa, ni zan riƙe ki." Ta cire takalmi ta taka, kumfa ya rufe mata ƙafa. Ta ɗiba da hannu ta ɗanɗana, sannan ta sa aka cika mata wata ƙaramar gora, don ta ce ƙawayenta na unguwa sai sun ɗanɗana da kansu za su yarda. In za ku yi haka, a sa gorar cikin akwatin da za a auna, ba a barin ta a jakar hannu a jirgi.