In ƙofar tandar lantarki ta kulle ta ƙi buɗuwa

Yawancin tandar lantarki da ake kawo mini gyara a nan Garwa, arewacin Kamaru, tsofaffin Turai ne da suka biyo ta Duwala, kuma da dama a cikinsu suna da tsarin wanke kai da zafi, wanda za ka ga an rubuta Pyro ko harafin P a jikin maɓalli. Tsarin yana kai zafin ciki kusan digiri 500, ya ƙone maiƙo ya mai da shi toka, cikin awa ɗaya da rabi zuwa uku. Saboda wannan zafin ne aka sa wa ƙofar sakata mai rufe kanta. A wasu tana kamawa da an fara wankin, a wasu kuma sai zafi ya doshi digiri 300, ba ta saki sai ya sauko. To idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, sau da yawa sakatar lafiyarta ƙalau, umarni take bi. Aikinka shi ne ka gano wanda ya ba ta umarnin.

Kafin komai, don Allah kada a sa wuƙa ko ƙarfe a ɓanɓare ƙofar. Gilashi uku ko huɗu ne jere a cikinta, kuma samun irinsu a Garwa ko Marwa ya fi samun sakatar wuya nesa ba kusa ba.

Fara da duban allon gaba. In ka ga alamar ɗan makulli, galibi kullen yara ne, wani ya danne shi bai sani ba. Riƙe maɓallin daƙiƙa 3 zuwa 5, alamar za ta ɓace. In ba shi ba ne, kai bayan hannunka kusa da gilashi, ka kuma saurari fankar da ke sama. Tana juyawa? Tandar ba ta huce ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ga kicin babu taga, hucewar takan ci fiye da awa ɗaya. Buɗe ƙofar kicin ka ba ta lokaci.

Abin da ya fi kawo mini mutane shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, musamman da bazara in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya aka shiga rabon wuta. Sakata ta riga ta shige, ɗan injin da zai janye ta ba shi da wuta, in kuma wutar ta dawo wani lokacin katin tandar, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa ta, ya rikice, bai san inda ya tsaya ba. Wata Hajiya mai yin kek ɗin biki ta kira ni a kan haka, murya na rawa: "Malam, gobe ɗaurin aure, ga kwaɓi na jira, ƙofa ta ƙi." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri kada kowa ya taɓa ta. Ki sa yaro ya kashe makunnin layin tandar daga akwatin wuta, a bar shi minti goma." Da aka mai da wuta ta saita agogo, domin wasu tandar ba sa karɓar umarni in agogo na ƙiftawa. Ƙofa ba ta saki ba. Sai na ce ta murɗa zuwa Pyro, ta bari minti ɗaya, ta kashe. Ta kara wayar a jikin tandar, na ji ɗan gurnanin injin, sannan ƙas. Wannan dabarar tana sa injin ya yi cikakken zagaye ya koma mazauninsa, kuma tana raba mutane da kuɗin gyara sau da yawa.

In duk wannan bai yi ba, sai a kwance. Kashe wuta daga akwati, ka tabbatar da mita cewa babu ita, domin wuta mai volt 220 ba abin wasa ba ce. Tandar da aka ɗora a kan tebur ko dakalin siminti ba ta da wahala: cire murfin sama, sakatar tana gaba, bayan allon maɓallai. Mai wahala ita ce wadda aka ɗaure cikin kabad, don kusoshin da suka riƙe ta suna ɓoye bayan ƙofar da ta kulle. A nan nakan lanƙwasa siririyar waya ta yi ƙugiya, in zura ta tsakanin ƙofa da jiki daga sama, in laluba har in kamo harshen sakatar in ja shi gefe a hankali, ina kiyaye igiyar da ke zagaye bakin tanda kada ta yage.

Da ka ɗaga murfi za ka ga ƙaramin inji mai juya wani ɗan faifan roba, faifan yana tura sakata, yana kuma danna ƙananan makunnai biyu ko uku masu shaida wa kati cewa ƙofa ta rufu, ko ta kulle. Wasu ba su da inji, wani abu ne da ke ɗumama ya tura sakatar sannu a hankali, shi ya sa suke jinkiri kafin su saki. Duba da ido tukuna. Ƙurar hunturu takan haɗu da maiƙo ta daskare a kan faifan, kyankyasai su yi gida a cikin makunnai, ɓera ya gwaguyi waya, ko bakin waya ya narke ya yi baƙi. Goge da busasshen burushi. Sai ka sa mita a ma'aunin ƙara, wanda ke kuka in wuta za ta iya bi ta waya, ka danna kowane makunni da yatsa: ya yi ƙas, mita ta yi kuka, ka saki ta yi shiru, ko akasin haka a wasu makunnan. Wanda mita ba ta sauya ba in an danna shi ya mutu. Auna wayoyin injin ma a ma'aunin om, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. In mita ba ta nuna komai ba, ya ƙone.

Wurin da nake so yara masu koyon aiki su natsu shi ne ma'aunin zafi, siririn ƙarfen nan da ya leƙo ta bangon baya daga ciki. Da shi kati yake sanin zafin tanda. In ya yanke ko ya lalace ya ba da lamba mai yawa, kati zai ɗauka har yanzu wuta ce a ciki, ya riƙe ƙofa ko da tandar ta kwana a kashe. Irin da ake kira PT1000 yana ba da om 1,000 a digiri sifili, yana ƙara kusan 3.85 a kowane digiri. Takardun Turai sukan ce ka ga wajen 1,080, amma wannan lissafin ɗaki mai digiri 20 ne. A shagona da rana tsaka, zafi na 40, lafiyayyen ma'auni zai nuna kusan 1,155. Na ga an jefar da masu kyau saboda wannan bambancin. PT500 kuwa rabin waɗannan lambobin yake bayarwa. Sai makunnai da inji da ma'auni duk sun fita lafiya nake zargin kati, don shi ne mafi tsada.

Akwai masu gyara da ke cire sakatar gaba ɗaya su haɗe wayoyin makunni, a ce an gama. Ni ba na yi, ko nawa za a ba ni. Gidajenmu cike suke da yara, kuma buɗe ƙofa a digiri 500 yana shigar da iska, maiƙo ya kama da wuta a fuskar mai buɗewa. In za a nemi sabuwar sakata, a ɗauki hoton takardar lamba da ke manne a gefen bakin tanda a tura wa mai kaya, don sakata tana kama da juna amma ba ta shiga wurin juna.

Wankin zafi yana jan wajen kilowat 3, don haka tandar tana bukatar layinta ita kaɗai, waya mai kaurin milimita sukwaya 2.5 da makunni mai amfiya 20, ba jona ta a kan wayar firij ba, ba kuma a kan ƙaramin janareto ba. A fitar da tire da raga, a kwashe maiƙon da ya taru da tsumma, sannan a zaɓi lokacin da wuta ta saba zama a unguwa. Da bazara kuwa ina ba matan da ke sana'a da tanda shawara su haƙura da Pyro, su goge ciki da ruwan ɗumi da sabulu duk ƙarshen mako har damina ta sauka.