Yadda Za Ka Bi Sawun Mutanen Ostironesiya da Zare da Kalma Ɗaya

Ka nemi taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka bar ta bango. Ta bangon takan tsaga Tekun Pasifik gida biyu, alhali tekun nan shi ne tsakar gidan mutanen da muke nema, wato mutanen Ostironesiya, waɗanda harsunansu 'yan gida ɗaya ne. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma a nan yara suke fara ɓacewa.

Samo zare da ɗan gam. Manna bakin zaren a Taiwan, domin daga can aka taso wajen shekara 4,000 da suka wuce, aka gangaro Filifin cikin kwale-kwale mai gungume a gefe don kada ya kife. Ja shi zuwa Indonesiya da Malesiya, inda mafi yawansu suke zaune yau. Daga nan ka miƙa gabas, ta Fiji da Samowa, ka taɓo Hawai a arewa, ka sauko Niyu Zilan wurin mutanen Mawori, ka tsaya a tsibirin Rapa Nui na ƙasar Cile. Ka tsallake Ostireliya da tsakiyar Niyu Gini, harsunansu na asali wani gida ne daban.

Yanzu yanko wani zaren daga tsibirin Borniyo, ka ja shi yamma har Madagaska. Wannan ne ya fi burge ni. Ga tsibiri a gefen Mozambik, amma harshensa, Malagasi, ɗan'uwan harshen Ma'anyan ne na kudancin Borniyo, kamar yadda masanin harsuna Otto Dahl ya nuna a 1951. Mutane ne suka ratsa Tekun Indiya da iyalansu, ba inji, sai iska da taurari.

Harsunan sun haura 1,200, ba mai haddace su. Ka riƙe yadda suke cewa "biyar" kawai. A Indonesiya lima ne, haka a harshen Tagalog na Filifin da Samowa da Hawai, Mawori su ce rima, Malagasi dimy. Ni a kasuwar Makka na fara jin ta, wata hajiya 'yar Indonesiya ta ɗaga yatsu biyar tana ciniki, tana ta cewa lima. In kana son ƙarin shaida, tambayi yadda suke cewa "ido". Malesiya da Filifin da Samowa duk mata suke ce masa, Hawai maka, Madagaska maso. Ajina yakan kaure da dariya a kan mata, sai na bari sun lafa kafin mu rubuta kowace kalma a ɗan takarda mu manna ta kan tsibirinta.