Yadda ake gane irin tumatir idan ya gauraye a fangalin reno

A garake irin na Jiratawa da bakin Gulbin Maradi, iska ko ruwan ban-ruwa kan kwashe tsinken alama, sai a wayi gari ba a san ina Roma take ina Marmande ba. Ana iya rarrabe su, amma ba rana ɗaya ba.

Da farko kada ka wahalar da kanka da ganyen nan biyu da ke fara fitowa, sirara dogaye. Kusan duk tumatir haka yake fitowa. Jira sai ganyen gaskiya mai tsaga-tsaga ya kai uku ko huɗu, wajen kwana 20 zuwa 25 bayan shuka.

Sannan ka tsuguna da sassafe, kafin rana ta sa su yaushi, ka kwatanta tsiro masu shekaru ɗaya. Dubi faɗin ganye, zurfin tsagarsa, da tazarar gaɓa zuwa gaɓa. Iri gajere kamar Roma da UC82 gaɓoɓinsu a matse suke, tsiron a dunƙule. Mai ƙananan 'ya'ya ganyensa ƙanana ne, kara siriri. Amma tsiron da aka shuka a cunkushe ko a inuwa yakan miƙe ya yi zalau-zalau ko wane iri ne, don haka kada ka gwada na tsakiyar fangali da na gefe.

Launin kara ma yana ruɗi. Wasu iri kararsu na da ja-ja mai duhu, sai dai sanyin hunturu na Disamba da Janairu ko ƙarancin fosfat a ƙasa na jawo wannan launi, har ƙarƙashin ganye. Kada ka yanke hukunci da shi kaɗai.

Ware masu kama da juna kashi-kashi, ka ɗaura wa kowane kashi tsumma mai launi dabam a tsinke, ba a jikin tsiron ba, don kada ya shaƙe kara. Dasa kowane kashi a layinsa, da tazarar santimita 50, wadda za ta ishi gajere, dogon ma ba zai takura ƙwarai ba.

Huda ita ce ke tona asiri. Ƙirga ganyen da ke tsakanin tarin fure da na gaba da shi. Idan ɗaya ne ko biyu, kuma kan reshe ya ƙare da fure, gajeren iri ne. Kada ka cire masa 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, nan amfaninsa yake. Idan uku ne kuma kai na ci gaba da tsiro, dogo ne, kafa masa sanda tun bai kwanta ba. Fure babba mai cunkoson kunnuwa alamar manyan 'ya'ya masu tsagi ne irin na Marmande.

Da ɗan ya kai girman magarya an gama gardama: Roma doguwa, UC82 a dunƙule mai 'yar kusurwa, Marmande mai faɗi a baje, Xina ƙanana kewayayyu.

Idan daga tumatir ɗin kasuwa aka wanke irin, musamman na aure mai F1 a leda kamar Mongal, tsiron uwa ɗaya ma sai su fito kowa da kamarsa. Nan suna ba zai samu ba, sai dai ka bi kowane gindi da yadda ya nuna.